Ƙwayar Wake Talatin da Takwas a Gwangwanin Idalmis

A garinmu Báguanos idan ka ga mutum yana tangaɗi da ƙarfe tara na safe, kada ka yi saurin cewa ya sha. Tambayi sunan ubansa tukuna. Giyar rake tana sakin mutum kafin rana ta take, amma ɗaya abin, wanda likitoci ke kira ataksiya, in ya kama ƙafa ba ya saki. Daga ƙafa ya hau hannu, daga hannu ya hau harshe, ƙarshe ya tsaya a maƙogwaro, har kurɓin ruwa ya zama abin tsoro. Gado ne, kuma uba ɗaya ko uwa ɗaya ta isa. Duk ɗan da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Gidan Pupo, gidan katakon nan mai shuɗin fenti da ke bayan injin sukari, ya ba ciwon nan kaka, ya ba shi uba, sannan ya ba shi Evelio, babban ɗan gidan. Saura Inna Cuca, wadda aure ya kawo ta gidan, da autarta Idalmis.

Idalmis gajeriya ce, ba ta da yawan magana, tafiyarta kamar an aike ta. Tana da shekara ashirin da huɗu ta sami aikin wanke kwalabe a wani ƙaramin ɗakin bincike a birnin Holguín. Kullum da sassafe ta haye babbar motar da ke kwasar ma'aikata, a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da burodi mai gwaiba a ciki. Shugabar wurin, Dakta Nereida Fornaris, ta lura yarinyar nan shekara biyu ba ta fasa ko murfi ba, sai ta ɗauke ta daga bakin famfo ta koya mata renon ƙwayoyin jiki. Aka yi shekara ashirin a haka. Dakta ta daina leƙa kwalabe ma gaba ɗaya, abin da Idalmis ta ce shi ke nan.

Abu ɗaya ne Idalmis ta ƙi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an ɗebi jininta don a duba ko ta ɗauki ciwon gidansu. Sakamako ya fito a ambulan, a manne. Ta kalle shi, ta ce a ajiye. Doka kuwa ba mai buɗewa sai mai shi ya ce a buɗe, don haka ambulan ya zauna a aljihun teburin Dakta, ƙarƙashin tsofaffin batura.

Evelio shi ne akasinta. Keken doki yake ja daga bakin injin sukari zuwa tasha, da wani tsohon doki mai suna Mantecado, kuma bakinsa ba ya hutawa ko da harshen ya fara nauyi. Yakan ce a duk gidansu dokin nan ne kaɗai ke tafiya a miƙe, shi ma don ba ɗan Pupo ba ne. Bai yi aure ba. 'Yan mata sun so, shi ya ƙi. Ya ce abin da ubansa ya ba shi bai kai kyautar da zai miƙa wa wani ba.

Ranar da aka yanki fatarsa a ɗakin binciken don nazarin ciwon, shi da Argelio aka zaunar a benci ɗaya. Argelio shi ne mai kula da janareton wurin, ɗan garinmu ne, mai tumbi, mai gyara komai da waya da addu'a. Ana buƙatar fatar mai lafiya don a kwatanta, shi ya sa aka kamo shi.

"Likita, wannan ne mai lafiyar?" in ji Evelio, yana jan kalmomin ɗaya ɗaya. "Da wannan tumbin? To Allah ya jiƙan bincike."

"Kai dai bar ni, surukina," in ji Argelio.

"Surukin wa? Ka taɓa ganin ta kalle ka? Auta, kin san wannan mutumin?"

Idalmis ta ci gaba da goge masa dantse da auduga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Evelio ya ce shi fa ba za a yanke shi ba sai an gaya masa abin da ake nema. Dakta Nereida ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Igiyar da kake ɗaure Mantecado, tufka biyu ce, ko? To a cikin kowace ƙwayar jikinka akwai irinta, siririya ƙwarai, sunanta DNA. Duk gadon gidanku a jikinta yake rubuce. In ƙwayar tana son yin wani aiki, sai ta warware tufkar daidai inda umarnin yake, ta kwafe shi. Kwafin shi ne RNA. Aikinsa ya ɗauki saƙo ya fice, igiya ta koma ta tufke. To wani lokaci kwafin ba ya fita. Sai ya juyo ya manne da zare ɗaya, a bar ɗaya zaren a waje yana reto ba abokin tufka. Kowa yana da kaɗan daga wannan, har amfani yake yi. In ya yi yawa ne igiya ke rauni, karatun ya riƙa cijewa. Ina zargin a ciwonku yana yin yawa. Zargi ne fa, ban tabbatar ba."

Idon Evelio ya juya a hankali, yadda idon masu ciwon ke yi.

"Wato an aiki mutum karɓo saƙo, ya tarar da gado a shimfiɗe, ya haye ya yi kwanciyarsa, mai gida yana tsakar gida da bargo a hannu. Likita, ai ba sai kin yanke ni ba. Ga shi nan a zaune. Shekara uku ke nan Argelio ya zo gidanmu aron guduma, har yau duk Lahadi yana kan teburinmu."

Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau. Aka yanki ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a dantsen kowannensu.

Ga yadda aikin yake, daidai gwargwadon abin da kan mutum irin namu zai ɗauka. Ana sa 'yar fatar a kwalbar roba mai kwanciya, a zuba mata wani ruwa mai launin hoda, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. Bayan mako biyu ko uku ƙwayoyi su rarrafo daga fatar su bazu a ƙasan kwalbar. In sun ci abincin da ke cikin ruwan sai ya koma rawaya, a canza musu. In sun cika wurin, a ɗebi kaɗan a mayar sabuwar kwalba, sauran a yi aiki da su ko a zubar. Wannan shi ne rabo, kuma duk rabo sai an ƙara lamba ɗaya a jikin kwalbar da alƙalamin maka. Lambar nan ita ce shekarunsu, don ƙwayar jiki ma tsufa take yi. Dokar Dakta Nereida, wadda ta rubuta da jan biro ta manna a ƙofar akwatin ɗumi, ita ce duk kwalbar da ta wuce goma sha biyar a zuba mata bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyi, a zubar. Tsohuwar ƙwaya ba ta ba da shaida, don ba za ka san ciwo ne ya ɓata ta ko tsufa ba. Shi ya sa tun suna ƙanana ake daskarar da wasu a tulun sanyi, in na hannu sun tsufa a farkar da sababbi.

Sau ɗaya Evelio ya ga nasa. Lokacin ya riga ya koma keken guragu, Mantecado kuma an sayar. Idalmis ta riƙe masa kai a kan madubin bincike mai ƙara girman ƙananan abubuwa don ya daina rawa. Ya daɗe yana kallo.

"Kamar ƙananan kifaye," ya ce. "Duk sun fuskanci waje ɗaya. Auta, ko ɗaya ba ya tangaɗi. Wa suka gado?"

"Kai mana, Yaya."

"To ki riƙe min su. 'Ya'yan da na samu ke nan."

Ya rasu a watan Agusta, bayan wani kurɓin gahawa ya bi ta hanyar iska ya zauna masa a huhu. Inna Cuca ta ƙara tambulan ɗaya a kan shiryayyen tebur mai farin ƙyalle da ke kusurwar ɗaki, inda tambulan mijinta da na surukinta suke. Duk Litinin da safe ta zubar da tsohon ruwa a gindin ayaba, ta cika sabo, ta kunna kyandir, ta gaya wa mamatan labarin gari.

Wata biyu bayan haka guguwar teku ta zo. Tulun sanyi dama ya kusa ƙafewa, ana jiran motar da ke kawo ruwansa mai hayaƙi, sai gada ta tafi. Ruwa ya shiga ɗakin janareto har ƙugun Argelio. Duk abin da aka daskarar na shekara shida ya narke ya mutu, akwatin ɗumi ya yi sanyi kamar tukunyar gidan makoki. Idalmis ta zo a ƙafa da a bayan tarakta. Kwalba ɗaya ta ɗauka. Ta ɗaure murfin tamau, ta sa a leda, ta ɗaure a cikinta da tsohon gyalen wuyan Evelio, ƙarƙashin riga. Kwana biyar tana yawo da ita a haka, tana tafiya a hankali kada ruwan ya kaɗu. Matan layin famfo suka samu abin yi.

"Idalmis, a wannan shekarun? Barka! Argelio, ashe gudumar ta yi aiki!"

Argelio ya ce shi dai in an haihu a sa wa yaron sunansa. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Da wuta ta dawo, Dakta Nereida ta tsaya a tsakiyar ɗakin da takalmin roba, laka har gwiwa, ta tambaya me ya rage.

"Evelio," in ji Idalmis.

"Alhamdu lillahi ko ɗaya ne. Lamba nawa?"

Goma sha huɗu ce. Rabo biyu ya rage a zuba bilic. Idalmis ta ji ɗumin kwalbar har yanzu a fatar cikinta, sai ta ji bakinta ya ce, "Tara."

Da Dakta ta fita, ta jiƙa auduga da sifirit ta goge lambar, ta rubuta tara. Maka ba ya gardama, abin da ka ce shi zai rubuta.

Da tulun sanyi ya dawo aiki, sau biyu ta daskarar da wasu, sau biyu ta narkar don gwaji, ba su farka ba. Wahalar guguwa ta karya su. Ba ta faɗa wa kowa ba. Dakta ta ɗauka akwai ajiya a tulu, shi ya sa ba ta yi mamakin yadda lamba ke tafiyar hawainiya ba: tara, goma, goma sha ɗaya, wata da watanni. Amma mai aikin hannu ba ta iya zama ba lissafin gaskiya. Sai ta samu gwangwanin gahawa, ta zuba baƙin wake goma sha huɗu a ciki, ta ajiye kusa da tambulan Evelio. Duk ranar da ta yi rabo, in ta dawo gida ta jefa ƙwaya ɗaya.

Inna Cuca ta bar ta har wata takwas kafin ta yi magana. Wata Litinin ce, tana goge tambulan da gefen zaninta.

"Waken nan fa? Ko kin fara bin bokaye ne ban sani ba?"

"Lissafin aiki ne, Inna."

"Lissafin aiki a teburin mamata." Ta cika tambulan, ta ajiye daidai wurinsa. "Ni ina canza masa ruwa ne don ya samu sanyi ya kama hanyarsa. Ke naki jan ruwan na mene ne? Don ya zauna?"

Idalmis ta ɗauki jakarta ta ce mota za ta wuce ta.

A cikin wannan shekarar ne kuma ta fara dafa bango in za ta juya a lungun ɗakin bincike. Dafawa kaɗan, da yatsa biyu. Ba wanda ya gani sai Argelio. Bai ce komai ba, mutumin da ba ya iya ganin kaza ta wuce bai tsokane ta ba. Washegari kawai aka ga ya kafa dogon bututun ƙarfe a jikin bangon. Ya ce don marasa lafiya ne, ko da yake marasa lafiya ba sa bin wannan lungun.

Wata goma sha shida bayan guguwa, abin da Dakta ke jira ya iso. Wani tsohon ɗalibinta ya zo daga Meziko da fulas cike da ƙanƙara, a ciki wata 'yar kwalba da ba ta kai ƙaramin yatsa ba. Ruwan cikinta ba ya manne wa komai sai inda RNA ya rungume DNA. Sai a fasa ƙwayoyi, a tace igiyarsu, a ɗiga a kan wata farar takarda, a wanke da ruwan nan. Inda mannewar ta yi yawa, ɗigon ya yi baƙi. An sake yankar Argelio don a samu sababbin ƙwayoyin kwatance, yana ta mita wai dantsensa ya zama gonar gwamnati, kowa ya zo ya girba.

Sau uku aka yi gwajin, har ruwan Meziko ya ƙare tas. Sau uku ɗigon Evelio ya fito baƙi ƙirin kamar gahawar da ba madara, na Argelio kuwa dishi-dishi. Da aka zuba wani magani mai cinye RNA ɗin da ya manne, baƙin ya ɓace, alamar abin da ake nema ne aka gani, ba datti ba. Dakta Nereida, mace mai shekara sittin da ɗaya da ciwon gwiwa, ta kama Argelio ta yi rawa da shi tsakanin tebura.

"Ka gani?" in ji Argelio yana haki. "Mutumin nan ko a takarda sai ya fi ni fitowa."

Idalmis tana tsaye bakin famfo. Ta san abin da ta gani da safe a madubi. Ƙananan kifayen nan babu su. Abin da ya rage manya ne, shimfiɗaɗɗu, kamar ƙwan da aka soya aka manta a kasko. Wurin da da suke cikawa a kwana biyar, yanzu sai sun yi ashirin. Kuma da kunnenta ta sha jin Dakta na gaya wa ɗalibai cewa tsohuwar ƙwaya tana tara tarkace iri-iri a igiyarta, ba mamaki har da irin wannan mannewar. Baƙin ɗigon nan yana iya zama ciwon Evelio. Yana iya zama tsufan da ita ta ɓoye.

Ranar Asabar ta farkon wata iyalan masu ciwon ke taruwa a farfajiya, ana motsa jiki, ana riƙe sanduna, ana tafiya a kan farin layi, masu iyawa suna yi wa marasa iyawa dariya, su ma suna ramawa. Dakta ba ta iya riƙe farin cikinta ba. Ta ce an ga wata alama, ba magani ba ne tukuna, amma ƙofa ce. Ta ce ran Litinin za ta aika takarda a ba ta izinin ɗibar fatar mutum ashirin. Kafin ta rufe baki sunaye sun cika.

Wata mata mai suna Yaquelín, wadda ke turo mijinta a keke tun daga Tacajó, ta zo ta kama hannun Idalmis biyu. A bayanta 'yarta ce, budurwa 'yar shekara goma sha tara, tana tsaye ƙafafu a ware kamar mai tsayuwa a kwalekwale.

"'Yar'uwa, an ce yayanki ne ya nuna hanya. Allah ya haskaka kabarinsa. Ga hannun Dayana nan, ku yanka inda kuka ga dama. Yau za ta yi barci, wallahi, rabonta da barci tun da ta fara zubar da cokali."

Yarinyar ta naɗe hannun riga tana murmushi, wai ko yau za a fara.

Ran Litinin, Inna Cuca tana gindin ayaba tana zubar da ruwa, Idalmis ta ɗauki gwangwanin ta sa a jaka. Tsohuwar ta gani, ta ci gaba da aikinta. Duk tsawon hanya wake yana kaɗawa a jaka, wani ma a mota ya ce ko caki ta saya za ta shiga ƙungiyar kiɗa.

Ta samu Dakta tana sa hannu a takardar. Ta buɗe gwangwanin ta juye a kan teburin. Wasu suka gangara ƙasa, ta durƙusa ta tsince su, ta mayar.

"Mene ne wannan, Idalmis? Abincin rana?"

"Ki ƙirga, Likita. Lambar Evelio ce."

Dakta ta kalle ta ta saman tabarau. Sannan ta sa bayan biro tana ja biyu biyu. Da ta wuce goma sha biyar hannunta ya rage sauri, amma ba ta tsaya ba.

"Talatin da takwas," ta ce. "A jikin kwalba an rubuta goma sha huɗu."

"Ni na rubuta. Ranar da kika tambaye ni bayan guguwa, goma sha huɗu yake, na ce tara."

"Na tulu fa?"

"Babu. Ba su farka ba."

Dakta ta tashi. Ta ɗauko kwalbar da kanta, abin da rabonta da yi an fi shekara goma, ta sa a madubi. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, sai ta zama kamar an ƙara mata shekara goma a wurin.

"Shekara biyu ya rage min in ajiye aiki," ta ce a hankali. "Ruwan nan shekara uku na yi ina roƙonsa. Kin bar ni na yi rawa, Idalmis. Kin bar ni na tsaya gaban mutanen nan."

"Na bari."

"Da kin gaya min, da na bar miki kwalbar a kusurwa, ki yi ta renonta har ta gaji. Ni dodo ce?"

"Da kin ce a bi doka, Likita. Ke kika rubuta ta."

Dakta ta koma teburinta. Ta ɗauki takardar izinin ta ninke biyu, ta sa a aljihun tebur.

"Abin da ya fi ci min rai," ta ce, "ƙila gaskiya ɗigon ya faɗa. Ƙila ciwon ne. Amma ba mai sani yanzu, kuma dantsen Evelio yana ƙarƙashin ƙasa."

Idalmis ta ɗauki kwalbar ta nufi bakin famfon da ta fara aiki a kansa. Argelio ya shigo da sifana a hannu, ya ga bilic, ya ga fuskarta, ya cire hularsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ta buɗe murfin. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na tsare ka da yawa." Ta zuba. Ruwan hodan ya dushe, ya koma fari kamar ruwan wanki, cikin ƙiftawar ido. Ta jira minti ashirin ɗin da doka ta ce, a tsaye, sannan ta juye ta sake famfo.

Ta goge hannu, ta koma gaban teburin.

"Likita, ambulan ɗina."

"Ba haka ake yi ba. Akwai zama da mai ba da shawara, akwai..."

"Shekara goma sha ɗaya nake zaman. Kina buƙatar fatar mai ciwon gidan Pupo wadda ba ta tsufa a kwalba ba. In ina da shi, ga dantse. In ba ni da shi, sai ki kore ni da hujja biyu."

Dakta ta duba Argelio, shi kuma ya duba bututun ƙarfen da ya kafa a lungu. Ta ɗaga batura, ta ciro ambulan ɗin, gefensa har ya yi rawaya. Idalmis ta yage shi da kanta. Layi uku ne kacal. Ta karanta, ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani, ta fara naɗe hannun riga.

"Ba yau ba," in ji Dakta. "Sai an cika takarda. Wannan karon komai a kan ƙa'ida."

Asabar ɗin taro ta gaba Dakta ta tsaya gaban iyalai ta ce an yi kuskure, a dakata. Ba ta ambaci suna ba. Idalmis ce ta miƙe ta ce ita ce, ta faɗi yadda aka yi. Ba wanda ya zage ta, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Yaquelín ta sauke wa Dayana hannun riga, ta ɓalle mata maɓalli, ta juya keken mijinta suka kama hanyar tasha. Ba ta sake gaishe da Idalmis ba sai bayan wata biyar.

Ba a kore ta ba, don babu mai hannunta, ko da hannun ya fara abin da ya fara. Dakta ta rubuta wa ɗalibin nan na Meziko wasiƙa ta huɗu. Har yau ana jiran fulas.

A gida, Inna Cuca ta ga gurbin gwangwani babu komai, ta ga auduga manne a dantsen autarta, daidai inda ta Evelio ta taɓa zama. Ta zauna a kujera mai lilo ta daɗe tana kallon tambulan uku. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai ce a dafa shinkafa da wake da yawa ran Lahadi, a gaya wa mai tumbin nan ya zo, ya kuma taho da gudumarsa in ya ga dama ya zauna gaba ɗaya.

Gwangwanin yanzu yana saman akwatin ɗumi, a fili, ba murfi, duk mai so ya ƙirga. Bayan mako uku ƙwayoyi suka rarrafo daga 'yar fatar Idalmis suka cika ƙasan kwalba. Ta yi rabon farko, ta jefa wake ɗaya, ya yi ƙara a cikin gwangwanin da ba komai. Ta ɗauki maka ta rubuta lamba ɗaya a jikin kwalbar. Layin ya ɗan karkace daga ƙasa, ta duba, ba ta goge ba. Sannan ta dafa tebur da yatsa biyu ta sunkuya kan madubi. Ga su nan, ƙanana, sirara, duk sun fuskanci waje ɗaya, ko ɗaya ba ya tangaɗi.